Lasifika a Ɗakin Jere

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona a Gumel sun sha gaya mini cewa sana'ata ta mutu, ni kaɗai ne labarin rasuwar bai iske ba. Wani zai zaro waya daga aljihu ya latsa, 'yar lasifikar da ke rataye a wuyan babur ɗinsa ta fashe da ihu, ya ce, "Baba, ga aikinka nan dukansa, ko gumi ban yi ba." Nakan ce masa, "Sannu da ƙoƙari. Jaki ma in ya buɗe baki ana jin sa har Gagarawa Tasha, amma ba a taɓa gayyatarsa biki ba." To tunda kun ce abu ne mai sauƙi, ku matso in gaya muku yadda ake yin sa.

Aikina shi ne in shiga gidan mutum in haɗa masa kwamfuta da kayan sauti, ta yadda in ya zauna a ɗakinsa ya kunna kiɗa ko karatu, zai ji kamar mai yin yana zaune a gabansa, har jan numfashin da yake yi kafin ya ɗauki baiti. Kwamfuta a nan rumbu ce kawai. Ita ke riƙe waƙoƙin, amma a lambobi take riƙe su, kunne kuwa ba ya jin lamba. Shi ya sa ake saka wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba tsakaninta da amfilifaya, wanda ke mayar da lambobin su zama sauti. A kasuwa dak ake ce masa. Kowace kwamfuta tana da irinsa a cikinta, sai dai na cikin yana zaune ne a hayaniyar inji, kamar mai karatu a tsakiyar tasha. Daga dak sai amfilifaya ta ba sautin ƙarfi, lasifika biyu su fitar da shi. Waɗannan duka ana samun su a Kano. Abin da ba a sayarwa a shago shi ne ɗakin da za a yi sauraron a ciki, kuma rabin aikin a nan yake.

Lasifikar farko da aka bar ni na taɓa a Damagaram ne, a rumfar maigidana Malam Isuhu, inda mahaifina ya kai ni koyon gyaran rediyo ina saurayi. Ta wani falken kanwa ce, ɓera ya huda takardarta. Malam Isuhu ya miƙo mini wata siririyar takarda da jiƙaƙƙen ƙaro a murfin kwalba, ya ce in liƙe. Na lafta ƙaro son raina don kada ya ɓalle. Da ya bushe aka kunna, sai ga mai karanta labarai ya fito kamar mura ta kama shi. Malam Isuhu bai yi faɗa ba. Ya jiƙa wurin ya ɓare, ya ɗauki gashin kaza guda ya shafa ƙaron da shi, shafa ɗaya tak, ya ce, "Takardar nan rawa take yi. Wa ya taɓa ɗora wa mai rawa kaya?" Kayan aikinsa ba su da yawa: sukudireba biyu, mita mai allura, da ƙarfen dalma da ake ɗorawa a garwashi, don lokacin ba kowace rumfa ke da kuran ba, kamar yadda suke kiran lantarki a can. Waɗanda nake yawo da su a jaka yau ba su fi haka da yawa ba. An dai ƙara kwamfutar tafi-da-gidanka da igiyar awo.

Daga Damagaram na gangara Legas, na yi aiki a shagon faifai na wani Bayerabe. A can na fara gane cewa kowace al'umma da inda take so kiɗa ya taɓa ta. Mutanen Legas so suke ya doki ƙirji, in ba su ji shi a haƙarƙari ba, ba ka yi aiki ba. A Hartum, inda na yada zango a hanyar Makka, siririyar murya suke nema, ka rage musu ƙasa ka ƙara musu sama. A Jidda na fi daɗewa, ina haɗa kaya a falukan Larabawa, inda darduma kan darduma da labule da matasai ke shanye sauti kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. A can na fara ganin an ajiye faifai da kaset an koma kwamfuta. Bahaushe kuwa, da na dawo gida na lura, magana yake saurare. Ko kiɗan ya kai me, in bai ji abin da mawaƙin ya ce ba, sai ya kaɗa kai ya ce maka, "Malam, abin nan naka ba ya fita."

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda wayoyi masu memori suka cika gari. Kafin nan shagona na kaset ne da gyara, ranar Alhamis har rumfa nake kafawa a kasuwar Maigatari, mutanen Nijar su saya da katan. Cikin damina ɗaya abin ya tsaya cak. Kowa ya koma wajen masu tebur a bakin tasha, su tura masa waƙoƙi jingim kafin ya gama shan ruwan leda. Kaset ɗina suka zauna a kanta har zafi ya lanƙwasa wasu. Na koma gyaran fanka da tocila, na noma riɗi a wata gonar aro a Gagarawa, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Wanda ya juya ni wani tsohon malamin makaranta ne daga Sule Tankarkar, da ya zo da buhun kaset na karatun malaminsa. Ya ce an tura masa su a memori, amma muryar ta koma kamar ta cikin gwangwani. Na gane ciwon. Kafin waƙoƙi masu yawa su shiga ɗan memori sai an matse su, an zubar da abin da ake ganin kunne ba zai nema ba. Kilishi ne. Yana da daɗi, yana jure tafiya, amma ba mai ce maka ɗanyen nama ne. Na wanke kan rikodata na daidaita shi, na kwashe kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfuta ba tare da matsewa ba. Da na kunna masa, sai ya cire hula ya riƙe a hannu har aka kai ƙarshe. Shi ya kai labarina gidaje, daga nan na zama mai haɗa sauti.

Akwai wani mai canji a Maigatari da ya kira ni falonsa, tayil ƙasa, tayil a bango, ba ko labule. Magana ma in ka yi sai ta dawo ta mare ka. Shi a ganinsa maganin abin shi ne a ƙaro manyan lasifika. Na ce masa a'a, ya aiko da dardumar da ke naɗe a ɗakin baƙi, a rataya labule mai kauri, a shigo da kujerun da ya fitar. Ya dube ni ya ce, "Na kira injiniya, ashe mai gyaran ɗakin amarya ne ya zo." Da aka yi ya ji, sai ya gamsu. Sai dai bayan mako ya sake kira na, wai ana tsakiyar karatu sai kwamfuta ta yi ƙara kamar an buga ƙararrawa. Ashe da ita 'ya'yansa ke kallon fim da aika saƙo. Tun daga nan na kafa wa kaina doka: kwamfutar sauti ba ta da wani aiki sai sauti. A kashe duk wani abu da ke iya yin tsit ko ɗin a cikinta. A bar ƙarfin muryarta a cike, a riƙa ragewa da ƙarawa daga amfilifaya. In da hali kuma a sami ƙarama wadda ba ta da fanka a ciki, don a bazarar nan tamu fankar kwamfuta ba ta hutawa, kana sauraron garaya tana yi maka amshi.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa sosai na Ɗanzomo ne. Alhaji Sale, mai fataucin shanu daga Maigatari zuwa kudu, ya zo shagona wata safiya ya ce in ɗauko jakata in shiga mota, maganar mahaifiyarsa ce. A hanya ya warware mini. Hajiya Gambo ta tsufa, idonta ya yi rauni har ba ta gane mutum sai ta murya. Tana zaune a soron ƙasar da aka kai ta tun tana amarya. Shi kuma ya gina gida a Gumel, ya ware mata ɗaki mai tayil da silin, ga asibiti kusa, ta ƙi tashi. Abin da ya rage mata na jin daɗi shi ne sauraro: karatun Alƙur'ani da safe, da rana kuma kiɗan ƙwarya na matan garinsu, wanda marigayi mijinta ya ɗauka a kaset a bukukuwan da. Alhaji ya sa an kwashe kaset ɗin a kwamfuta, ya sayo kaya masu kyau, masu shagon suka zo daga Kano suka haɗa mata, har da sola da batir. Amma da an kunna sai gurnani, ga kuma wata ƙara kamar zuma ta shiga gwangwani. Ita ta ce injin ne ba shi da kirki. Shi ya ce ɗakin ne ya tsufa. Da gardama ta yi tsawo sai suka yi sharaɗi a gaban ƙaninta, kawun Alhaji, cewa a kira wanda ya san aikin. In ya ce laifin ɗaki ne, za ta bi ɗanta Gumel, a rushe soron a yi wa jikoki gini. In kuwa ya gyara sautin a cikin ɗakin, ba za a sake yi mata maganar tashi ba.

"Ka ga ke nan alƙali na ɗauko, ba mai gyara ba," in ji Alhaji. "Ni gaskiya nake so, Malam. Amma dai ka duba shekarunta, ka duba nisan asibiti."

Na ce masa ni kunnena nake bi, shi kuwa ba shi da dangi a Ɗanzomo.

Muka yi sallama muka shiga. Tana zaune a tabarma, ta jingina da gadon ƙarfe.

"Wane ne wannan mai tafiya kamar yana tsoron taka ƙwai?"

"Inna, Malam Buba ne, mai haɗa sauti. Ya zauna Legas, ya zauna Makka."

"Buba? Bafillace ka kawo mini? Sale, kai da hankalinka? Mutumin da bai san kiɗan komai ba sai kukan maraƙi?"

Ita cikin Mangawa take, dangin Barebari, ni kuwa Bafillace ne uwa da uba, wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, barka da hutawa. Na ji an ce bayina na Ɗanzomo sun sayi abin da ya fi ƙarfinsu, shi ne na zo in taimaka."

Ta yi dariya har da tari. "Ji ɗan nema. Zauna. Kada ka taɓa mini komai sai na ce."

Abin da nake fara yi a kowane ɗaki shi ne tafi ɗaya. Na tafa. Sautin ya tashi ya kwanta a hankali, bai dawo ya mare ni ba, bai kuma mutu nan take ba. Soro ne mai rufin ɗaurin guga, bango mai kauri, ba kusurwa mai kaifi, yaɓen hannu ne da bai miƙe sumul ba. Na ga masu kuɗi a Jidda suna sa a manna wa bangonsu katako da soso don su sami abin da maginin Ɗanzomo ya yi da laka. Bango guda kuma jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi: kabet biyu manya, cike da langa da fanteka da tasoshi da kwalla, kowanne da murfinsa, an ɗora wani kan wani, suna ƙyalli. Masu shagon Kano sun yi aiki mai tsabta, waya ko ɗaya ba ta reto. Sun ɗora lasifikokin a saman kabet ɗin, don nan ne wuri mafi tsawo, inda kaza da jikoki ba za su kai ba.

Na kunna kayan ban sa kiɗa ba. Gurnanin ya taso. Na ɗora hannu a jikin amfilifaya, ya canza murya. Wannan na san shi, maganar ƙasa ce. Kayan lantarki suna so a ba su hanyar da za su zubar da dattin wuta cikin ƙasa, shi ya sa ake kafa sandar jan ƙarfe a ɗaura mata waya. Na zaga bayan ɗaki na tarar sun kafa, amma cikin busasshen rairayi. A Legas ko ina ka soka sanda jiƙa za ka tarar. A nan kuwa busasshiyar ƙasa ba ta karɓar komai, kamar ka ba kurma saƙo ne. Na tambayi inda Hajiya ke alwala. Aka nuna mini gindin wata darbejiya a tsakar gida, inda buta ke zama. Nan na haƙa, na mayar da sandar, na zuba gawayi da gishiri na binne, na ja waya ta bin bango. Wurin da ruwa ke sauka sau biyar a yini ba ya bushewa ko a tsakiyar bazara.

"Yanzu alwalata ma sai ta yi wa inji bauta?" in ji Hajiya daga ciki.

"Lada biyu ke nan, Hajiya."

Gurnani ya ɗauke. Na sa kiɗan ƙwaryar. Muryoyin matan suka fito, amma da zarar an doki babbar ƙwarya, wadda ake kifawa a kan ruwa, sai ɗayar ƙarar ta rufe komai. Na kara kunne a jikin kowace lasifika, lafiyarsu lau. Ana haka aka kira Alhaji a waya kan wata motar shanunsa da ta tsaya a hanya, ya fita zaure. Ina da wani sauti na gwaji a kwamfutata, wanda ke farawa ƙasa kamar kukan bijimi ya yi ta hawa har ya koma kamar na sauro. Na sake shi a hankali. Da ya kai wani wuri sai bangon nan gaba ɗaya ya farka. Kowane murfi na karkarwa a bakin kwanonsa, gilashin kabet na taya su.

Na kashe. Hajiya ta rage murya.

"Bafillace, matso. Kwanonin ne, ko?"

"Su ne, Hajiya."

"Na sani tun ranar farko. Makaho ai ba kurma ba ne."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa cewa zai yi a kwashe. Na ƙasan can na uwata ne. Fantekun nan gwaggona ta sayar da akuyarta ta saya mini. Akwai na haihuwar Sale, akwai na auren ƙannensa. Ba na ganin su, amma na san inda kowanne yake zaune. In aka kwashe su me ya rage? Bango huɗu. Bango huɗu kuwa akwai shi a Gumel."

Na ce mata ba zan ɓoye wa Alhaji ba, don amana ya ɗauko ni. Amma in ta ba ni izinin taɓa kwanonin, ko ɗaya ba zai ƙetare bakin ƙofa ba. Ta juya carbinta, ta ce, "In ka fasa mini ko murfi, saniyarka zan karɓa."

Da Alhaji ya dawo na gaya masa, na kuma sake sautin gwajin ya ji da kansa. Ya buɗe hannuwa.

"To ai magana ta ƙare. Kwanonin nan su ne ɗakin. Inna, kin dai ji da kunnenki."

"Alhaji," na ce, "ko a kara, kasuwarku ta shanu, ba a sallama saniya sai mai ita ya ce ya sallama. Ban ce na kasa ba tukuna."

Ya yi murmushi, don na shigo masa ta ƙofar da ya sani. "Na ba ka zuwa la'asar. Zan taho da Kawu."

Na fara da sauko da lasifikokin, don a saman kabet duk motsin da suka yi cikin katakon yake shiga ya bi kwanoni. Sai neman abin da za a ɗora su. Littattafan Turawa sun ce lasifika ta yi daidai da kunnen mai sauraro, amma awon nasu na mai zaman kujera ne, ƙafafun ƙarfen da ake sayarwa ma haka. Hajiya kuwa a tabarma take zama. Abin da nake nema gajere ne mai nauyi, wanda ba ya rawa. Na leƙa tsakar gida na ce a ba ni turmi biyu. Matan gidan suka dubi juna, sannan suka gangaro da wani tsoho da ya tsage da wani da aka daina daka a ciki. Na kife su, na shimfiɗa guntun bargo a kan kowanne, na ɗora lasifikokin. Hajiya ta miƙa hannu ta shafa.

"La ilaha illallahu. Ya zaunar da su a kan turmi kamar amare za a yi musu wanka. Saura lalle."

Na janye su kaɗan daga bango, na ba ta bakin igiya ta riƙe a haɓarta, na auna har nisan kowace daga wurin zamanta ya zo ɗaya, na karkato fuskarsu suna dubanta. Wannan kaɗai ya rage rabin ƙarar.

Sauran rabin aikin haƙuri ne. Hajiya ta sa aka ciro wani tsohon zane daga adaka, aka yayyaga shi siri-siri. Matan gidan suka riƙa sauko da jeren layi-layi, ni ban taɓa ba sai abin da aka miƙo mini. Kowane murfi a naɗa masa tsumma a baki ta ciki inda ido ba zai gani ba, kowane kwano da ke zaune cikin wani a sa ƙyalle tsakaninsu. Duk wanda aka gama sai ya bi ta hannun Hajiya, ta shafa shi, ta faɗi inda za a mayar da shi, kuma kada a kuskura a sauya masa maƙwabci. Na yanka tsohon silifa na cusa a ƙarƙashin ƙafafun kabet, na tura takarda a gefen gilashin da ke lilo. In an gama layi sai in saki sautin gwaji, mu yi tsit mu ji wa ya rage. Masu amsawa suka yi ta raguwa. Can sai saura murya ɗaya siririya da na yi ta nema ban gano ba.

"Ta sama ce, hannun hagu," in ji Hajiya. "Wata 'yar langa mai murfin da ya lotsa. Tun tana sabuwa bakinta ba ya rufuwa, kamar mai ita da ta ba ni."

Aka sauko da ita, ita ce kuwa.

Kafin la'asar na gyara kwamfutar yadda da an ba ta wuta za ta buɗe kanta ba sai an duba allo ba. Na ɗauki rimot na liƙa ƙwayar dutsen ado a kan maɓallin kunnawa, ƙwayar wake a kan na wucewa gaba, na sa yatsanta a kai har ta riƙe.

Alhaji ya dawo daga masallaci tare da kawunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu a baya, ya ce a kunna. Na ce a'a, a tsaye ba zai ji abin da aka yi ba, sai ya zauna inda aka yi aikin dominsa. Ya tattare babbar riga ya zauna a tabarma, kafaɗarsa na gogar ta mahaifiyarsa. Ita ta lalubi dutsen adon ta danna.

Babbar ƙwarya ta sauka, dim, ta tashi ba abin da ya bi ta. Ƙananan suka shigo. Mai ba da waƙa ta fito daga tsakiya, daidai tsakanin turmin biyu, masu amshi suka kewaye ta, wata ta rangaɗa guɗa daga gefe. Har ƙarar munduwa a hannun mai kiɗa ana ji. Hajiya ta riƙa kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, tana cewa Allah ya jiƙan wance, wance kuwa tana nan a Sule Tankarkar ba haƙori ko ɗaya. Sai can ƙasa, bayan muryoyin, wani jariri ya tsala kuka.

Alhaji ya waiga tsakar gida. Hajiya ta dafa gwiwarsa.

"Ba a waje ba ne. Kai ne. Kana bayana ranar, ka hana ni rawa, ka hana ni amshi. Ga ni nan ina jijjiga ka, saurara."

Muka saurara. Wata murya ta matso kusa da rikodar tana cewa yi shiru, yi shiru, uban masu gida. Alhaji ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya ce a sake. Da aka gama bai tashi daga tabarmar ba, ya dube ni.

"Malam, tsakani da Allah. Wannan ɗakin, ko wanda na gina a Gumel?"

"Naka sai an shimfiɗa darduma, an rataya labule, an cika shi da kaya, sannan ya fara bin sawun wannan. Kamo shi kuwa, ban yi maka alkawari ba."

"Sharaɗi ya cika," in ji Kawu.

Alhaji ya ɗaga kai ya bi rufin da kallo, har idonsa ya tsaya a wata tsaga kusa da taga. Ya ce kafin ruwa ya sauka zai turo magina su yi yaɓe su gyara indararo. Ya ce kuma duk wata mota za ta zo ta kai ta ganin likita ta dawo da ita, wannan ba ya cikin sharaɗi, ba kuma ya son gardama.

"Na yarda," in ji Hajiya. "Amma ka gaya wa maginan naka daga waje za su yi aikinsu. Ciki an gama saita shi. Duk wanda ya motsa mini turmi, shi zai je Gumel ya goyo Bafillacen nan a bayansa."